Inda itace ke sallamawa: fashin baƙi kan kalmar “alpine”

Kusan kowace shekara a watan Janairu, idan shugabannin ƙasashe da hamshaƙan attajirai suka yi dandazo a Davos domin taron tattalin arzikin duniya, akwai wasu kalmomi da ba sa ɓacewa daga rahotannin Turanci: “the Swiss Alpine resort of Davos”. Mai fassara yana ɗakin labarai, saura minti goma a shiga situdiyo, sai ya rubuta “garin shaƙatawa na Davos a ƙasar Suwizalan” ya wuce abinsa. Kalmar “Alpine” ta zube a hanya, kuma babu mai sauraron da ya yi asarar komai, tunda labarin na kuɗi ne da siyasa. Amma ranar da ta faɗo cikin labarin ɗumamar yanayi, ko cikin littafin labarin ƙasa na ɗan sakandare, ko cikin rahoton wasannin hunturu, ba ta tsallakuwa. A nan ake gane wanda ya san ta da wanda ya dai saba ganinta.

Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da aka ba shi sakin layi ɗaya kan Dutsen Kenya ya mayar da shi Hausa. Turancin ya ce akwai “alpine lakes” kusa da ƙololuwar dutsen. Yaron ya buɗe ƙamus, idonsa ya faɗa kan ma'ana ta farko, ya rubuta “tafkunan tsaunukan Alps”. Da zanen biro ɗaya ya ciccibi Kenya ya dire ta a tsakiyar Turai. Ƙamus bai yi masa ƙarya ba, layi na biyu ne bai karanta ba. A wannan layi na biyun kuwa gizo ke saƙa, domin kalmar ɗaya ce a baki amma aiki biyu take yi. Wani lokaci tana nuna wani wuri takamaimai a taswira, wani lokaci kuma tana nuna wani irin yanayi da ake samu a saman kowane dogon dutse a duniya.

Mu fara da surarta. Sifa ce, ana furta ta kamar “al-payin”, da nauyin murya a gaɓar farko. An gina ta daga sunan tsaunukan Alps da ɗafa-ƙeyar “-ine”, wadda Turanci ya gada daga Latin, mai nufin “na abu kaza”. Ita ce a “marine”, na teku, da “canine”, na kare. Mu a Hausa mukan ce Bakano ko Kananci, ko kuma mu sa “na” da “ta” mu huta. Rumawa suna kiran duwatsun “Alpes”, abin da ya dangance su kuma “alpinus”. Tun zamaninsu akwai masu alaƙanta sunan da “albus”, wato fari, saboda dusar ƙanƙarar da ke lulluɓe kawunan duwatsun. Masana harshe da yawa na wannan zamani sun fi karkata ga cewa tsohuwar kalma ce mai nufin dutse ko tudu, wadda Rumawa suka tarar a bakin mutanen wurin. A cikin jimla kusan kullum tana zuwa ne gaban sunan da take siffantawa: “alpine flowers”, “Alpine village”, “alpine climate”.

Su kansu tsaunukan Alps sun lanƙwashe ne kamar lauje, tsawon kusan kilomita 1,200, daga gaɓar Bahar Rum a kudancin Faransa har bakin birnin Biyana. Ƙasashe takwas ke da rabo a cikinsu: Faransa, Monako, Italiya, Suwizalan, Liechtenstein, Jamus, Ostiriya da Sulobeniya. Mafi tsayinsu shi ne Mont Blanc, a kan iyakar Faransa da Italiya, ɗan sama kaɗan da mita 4,800. Adadin yakan motsa daga awo zuwa awo, saboda hular ƙanƙarar da ke kansa tana ƙaruwa tana raguwa. Masana ƙasa sun ce duwatsun sun taso ne daga turereniyar da ɓawon ƙasar Afirka ke yi da na Turai tun miliyoyin shekaru, har ma suna cewa dutsen da ke can ƙololuwar Matterhorn, ɗaya daga cikin tsaunukan na Alps, ɓallin ɓangaren Afirka ne da aka tura ya hau kan na Turai.

To idan ka ga kalmar da babban harafi, “Alpine”, a tsakiyar jimla, nan ake nufi. Jaridun Turanci kan kira Suwizalan ko Ostiriya “the Alpine nation” don gudun maimaita suna. A ranar 28 ga Mayun 2025, da wani makeken curin ƙanƙara ya ɓalle ya binne kusan dukkan ƙauyen Blatten, bayan an riga an kwashe mazaunansa wajen 300, “Swiss Alpine village” aka rubuta. Yarjejeniyar kare muhallin yankin da aka sa wa hannu a Salzburg a 1991 sunanta “Alpine Convention”. Sojojin dutse na Italiya, waɗanda aka kafa a 1872, Alpini ake ce musu. Mai karatun tarihi kuma zai gamu da “Cisalpine” da “Transalpine”: ga mutumin Rum, na farko yana nufin wannan ɓangaren duwatsun, wato arewacin Italiya na yau, na biyu kuma ƙetarensu, wato kudancin Faransa. Waɗannan duwatsu ne Hannibal, jarumin Carthage da ke Tunisiya ta yau, ya keta da dakaru da giwaye a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A duk waɗannan wurare fassara ba ta da wuya: “na tsaunukan Alps”, ko “da ke yankin Alps”.

Yaya aka yi sunan wuri ɗaya ya zama sifar duwatsun duniya baki ɗaya? Mu ma mun san irin wannan a kasuwa. Duk garin sabulu Omo ne a bakin mai shago, duk dunƙulen miya kuma Maggi ne, ko wane kamfani ya yi shi. Shi ma Julius Maggi, wanda sunansa ya zauna a tukwanenmu, ɗan Suwizalan ne. Wanda ya fara shiga ido shi ke ba sauran suna. Masana tsirrai na Turai a Alps suka fara hawa dutse da littafi da alƙalami. Conrad Gessner na Zurich ya hau Dutsen Pilatus a 1555, ya lura cewa tsirrai na sauyawa yayin da ake hawa. Horace-Bénédict de Saussure ya kai ƙololuwar Mont Blanc a 1787 da kayan awon iska da zafi. Da jikokinsu suka bazu cikin duniya, sai suka tafi da mudun gida suna auna abin da suka gani. Kyaftin James Cook ya hangi duwatsu masu farar ƙanƙara a Niyu Zilan a 1770, ya sa musu “Southern Alps”. Haka aka samu “Japanese Alps” da “Australian Alps”. Sifofin “Andean” da “Himalayan” kuwa suna nan a gidajensu, ba su fita yawo irin wannan ba, alhali duwatsunsu sun fi na Turai tsayi nesa ba kusa ba. Kilimanjaro kaɗai, mai mita 5,895, ya ɗara Mont Blanc da fiye da mita 1,000. Kalmar ta yi nasara ne saboda masu ita su suka rubuta littattafan kimiyyar da sauran duniya ke karantawa, kuma ina ganin ya kamata ɗalibi ya san wannan tun ranar da aka koya masa ita.

Yanzu ga ma'ana ta biyu, mai ƙaramin harafi, wadda ita ce ta fi cancantar a zauna a kanta. A bakin masanin tsirrai ko masanin yanayi, “alpine” na nufin yankin dutse da ke sama da iyakar itatuwa, amma ƙasa da inda ƙanƙara ba ta narkewa duk shekara. Ka ɗauka kana hawa dutse da ƙafa. A gindi akwai gonaki da gidaje. Ka haura ka shiga daji mai dogayen itatuwa, wanda Turanci ke kira “montane”. Kana ci gaba, sai ka ga itatuwan sun fara tazara, sun gajarta, sun karkace, wasu sun kwanta a ƙasa kamar masu neman mafaka daga iska, rassansu duk sun juya gefe guda. Jamusawa na kiran irin waɗannan “Krummholz”, karkataccen itace, yankin kuma shi ne “subalpine”. Can sai ka waiwaya ka ga itace na ƙarshe yana bayanka. Gabanka babu komai sai gajeriyar ciyawa, da ƙananan furanni da suka dunƙule a jikin ƙasa kamar matashin kai, da gansakuka a kan duwatsu. Ka shigo “alpine zone” ke nan. In ka ƙara gaba har ciyawar ma ta ƙare, ya rage dutse da ƙanƙara, ka kai abin da ake kira “nival”.

Abin da ke jawo wannan jeri shi ne sanyi. A matsakaici, duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Kano na wajen mita 480 daga doron teku, Jos kuma wajen mita 1,200. Wannan tazarar ita kaɗai ta kai kusan digiri biyar, shi ya sa Bakano ke neman rigar sanyi da bargo idan ya kwana a Jos. Itace kuwa halitta ce mai tsayi, kansa na cikin iska, ba shi da inda zai ɓuya. Christian Körner na Jami'ar Basel da abokan aikinsa sun auna zafi a iyakar itatuwa a duwatsun nahiyoyi daban-daban, suka tarar kusan ko'ina lissafin ɗaya ne: inda matsakaicin zafin lokacin tsiro ya gaza digiri 6 zuwa 7, itace ba ya iya gina jikinsa. Ƙaramin tsiro da ya manne da ƙasa yana cin moriyar ɗumin da rana ta bari a jikin dutse, shi ya sa yake rayuwa a inda babban itace ya sallama.

Daga nan za a gane kuskuren da mutane da yawa ke yi, na tambayar “daga mita nawa alpine ke farawa?” Babu adadi ɗaya. A tsaunukan Alps iyakar itatuwa tana wajen mita 1,800 zuwa 2,300, gwargwadon inda gangaren ya fuskanta da nisansa daga bakin duwatsun. A arewacin Norway da Suwidin tana sauka ƙasa da mita 1,000, har can kusa da ƙuryar arewacin duniya ta taɓa doron teku. A gabashin Afirka sai an haura mita 3,000, wani wurin ma sai an doshi 4,000. A Bolibiya akwai itatuwa a wajen mita 5,000, sama da ƙololuwar Mont Blanc ɗungurungum. Tsayin da a Suwizalan ƙanƙara ce zalla, a Habasha gonar sha'ir ce da garken tumaki. Alexander von Humboldt, Bajamushen da ya hau Dutsen Chimborazo na Ekwado a 1802, shi ne ya fito da wannan fili a wani zane da ya yi suna, inda ya jera tsirrai daga gindin dutsen zuwa samansa, ya nuna cewa hawa dutse a ƙasa mai zafi tamkar tafiya ce daga tsakiyar duniya zuwa ƙuryarta.

Nahiyarmu tana da nata kason, kuma har suna aka ba shi: “Afroalpine”. Ana samunsa a saman Kilimanjaro, da Dutsen Kenya mai mita 5,199, da Rwenzori a kan iyakar Yuganda da Kwango, da tsaunukan Simien da Bale a Habasha. Bambancinsa da na Turai babba ne. A Alps tsiro yakan kwana watanni a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sannan ya samu gajeriyar bazara ya yi fure cikin gaggawa. A kusa da tsakiyar duniya kuwa babu dogon hunturu. Olov Hedberg, masanin tsirrai ɗan Suwidin da ya shafe shekaru yana nazarin waɗannan duwatsu, ya siffanta yanayinsu da cewa bazara ce kullum da rana, hunturu kullum da dare. Da hantsi rana na ƙuna, da dare ruwa na daskarewa, kuma haka ake yi kwana 365.

Dubi yadda wani tsiro na wurin ya yi da wannan hali. 'Yan'uwansa a Turai ƙananan ciyayi ne na bakin hanya, amma shi a saman Kilimanjaro ya miƙe ya fi mutum tsayi, da kututture mai kauri, a kansa kuma curin ganye kamar ƙaton kabeji. Ganyensa da suka bushe ba sa zubewa. Suna nan manne a jikin kututturen, sun yi masa bargo. Idan rana ta faɗi, ɗanyun ganyen sai su rufe a kan tohon da ke tsakiya kamar hannu ya dunƙule, da safe su sake buɗewa. Wani maƙwabcinsa, daga dangin lobeliya, yana tara ruwa a tsakanin ganyensa. Da dare saman ruwan ya daskare, ƙasansa kuma ya tsare tohon daga mutuwa. A tudun Sanetti na Bale, sama da mita 4,000, jan kyarkecin Habasha, wanda 'yan ɗaruruwa kawai suka rage a duniya, yana farautar manyan ɓerayen ƙasa a cikin irin wannan fili. Duk wannan “alpine” ne na haƙiƙa, kuma tafkunan da ɗalibina ya kai Turai a nan suke. Da ya rubuta “tafkunan can saman dutse, sama da inda itatuwa ke tsayawa”, da ya gama aikinsa.

To namu duwatsun fa? Nakan ga masu tallar yawon buɗe ido suna rubuta cewa Mambilla ko Jos ko Obudu na da “alpine climate”. Na fahimci abin da suke so su faɗa, wato sanyi da hazo da koren tudu, amma a ma'anar kimiyya kalmar ba ta hau ba. Tudun Mambilla a Jihar Taraba yana wajen mita 1,600 a matsakaici. Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. A kusa da tsakiyar duniya wannan bai kai inda sanyi ke hana itace tsayuwa ba. Gaskiya ne ciyawa ce ta rufe yawancin tuddan Mambilla, amma wuta da kiwo da sara suna da hannu a ciki. Shaida kuwa ga ta a fili: itatuwan turare sun cika kewayen Gembu, ganyen shayi na yi a Kakara, dajin Ngel Nyaki kuma yana nan da dogayen itatuwansa. Gwajin mai sauƙi ne, in ka dasa itace ya kama ya girma, ba ka kai yankin ba tukuna. Sunan da ya dace da Mambilla shi ne “montane” ko “highland”, kuma wannan bai rage mata komai ba. A kusa da mu Dutsen Kamaru ne, da ya haura mita 4,000, yake da saman da daji ke ƙarewa, ciyawa da sanyi su karɓa. Emi Koussi na Tibesti a Chadi, mai mita 3,415, da Bagzane na Ayar a Nijar, mai ɗan sama da mita 2,000, nasu lissafin daban ne, domin can ƙishirwa ce ke fara korar itace tun kafin sanyi ya yi magana.

Saboda haka kar a haɗa “alpine” da “mountainous”. Ta biyun tana cewa ne kawai ƙasa na da tsaunuka, ko dogaye ko gajeru, ko da zafi ko da sanyi. Gwoza da Idanre duk “mountainous” ne. Dala da Goron Dutse kuwa “hills” ne. Hausa na da dutse da tsauni da tudu da jigawa, amma ba ta da kalma ɗaya ta yankin da ke sama da itatuwa, don kakanninmu ba su zauna a irinsa ba. Wannan ba talauci ba ne. Turanci ma ba shi da kalma ɗaya ta fadama ko ta marka. Ni dai ba na goyon bayan a aro kalmar a ce “alfayin”, tunda ba za ta faɗa wa mai sauraro komai ba. Gara a kashe kalmomi tara a ce “yankin saman tsauni da sanyi ya hana itace fitowa” a karon farko, daga baya a taƙaita zuwa “saman tsauni”.

Akwai wani ɗan ƙulli da ke tsakanin ma'anonin biyu, kuma ya samo asali ne daga makiyaya. Ga manomin Suwizalan, “Alp” ba ƙololuwar dutse ba ce, makiyaya ce ta bazara a can sama; a Ostiriya da Babariya “Alm” suke cewa, a Faransa “alpage”. Wajen watan Yuni ake kora shanu su hau, a zauna da su a bukkokin katako, ana tatsa ana yin cuku a can, tunda madara ba za ta sauko kwari kullum ba. A watan Satumba ake saukowa, ranar kuwa biki ce: an rataya wa shanu manyan ƙararrawa, an ɗaura musu furanni a ka, gari ya fito kallo. A wurare da yawa na Ostiriya da Babariya, in wata saniya ta mutu a sama a wannan shekarar, garken yakan sauko ba ado, kowa ya gani ya san an yi rashi. Duk wanda ya san yadda Bafulatani ke bin ciyawa daga arewa zuwa kudu zai gane wannan rayuwa; su dai tasu tafiyar daga ƙasa zuwa sama ce. A 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Suwizalan cikin jerin gadon ɗan Adam. Ƙullin shi ne, da yawan makiyayun nan mutane ne suka sare daji suka buɗe su ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a ƙasa da iyakar itatuwa ta asali. Ke nan fili na iya zama “Alpine meadow” da babban harafi, saboda yana Alps, ba tare da ya zama “alpine meadow” a ma'anar masanin tsirrai ba.

A fagen wasanni kalmar ta sake ɗaukar wani kaya. “Alpine skiing” shi ne wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara inda ake gangarowa daga sama da gudu, takalmi a ɗaure tamau gaba da baya. Kishiyarsa “Nordic”, na ƙasashen arewacin Turai, inda diddige ke sake, ana tafiya mai nisa a fili ko ana tsalle. An fara gasar Olamfik ta hunturu a Chamonix, a gindin Mont Blanc, a 1924, amma sai a 1936 aka shigar da na gangare. A nan sunan salo ne, ba ruwansa da wuri: a gasar Beijing ta 2022 an yi “alpine skiing” a Yanqing na ƙasar Sin, a kan dusar da injina suka feso. Lamine Guèye na Senegal ya yi wannan wasa a Sarajevo a 1984, Kwame Nkrumah-Acheampong na Gana kuma a Vancouver a 2010. Wasu jaridu na rubuta shi da babban harafi, wasu da ƙarami. Fassararsa dai “zamiyar gangare”.

Mahaya duwatsu ma haka. Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard su suka fara taka ƙololuwar Mont Blanc a ranar 8 ga Agustan 1786, ƙungiyar mahaya ta farko a duniya kuma, Alpine Club, an kafa ta a Landan a 1857. Daga nan hawan dogon dutse ya samu sunan “alpinism” ko a ina aka yi shi. “Alpine style” na nufin mutum biyu ko uku su ɗauki kayansu a baya su hau kai tsaye, babu rundunar 'yan dako, babu tantunan da aka kakkafa tun da farko. Haka Reinhold Messner da Peter Habeler suka hau Gasherbrum na ɗaya a tsaunukan Karakoram na nahiyar Asiya a 1975. “Alpine start” kuwa sammako ne: a tashi ƙarfe biyu ko uku na dare da fitila a goshi, don a wuce wurare masu haɗari tun ƙanƙara na da tauri, kafin rana ta sassauta ta duwatsu su fara gangarowa.

Sauran amfanin ba sa buƙatar dogon bayani. Masu lambu a Ingila sun mayar da ita suna, “alpines”, ƙananan furannin dutse da suke shukawa a tsakanin tsakuwa. Akwai akuyar madara mai suna Alpine. Akwai motar Alpine da Jean Rédélé ya kafa a Dieppe a 1955, wadda ƙungiyar tseren Renault ta ɗauki sunanta a 2021, akwai kuma manhajar kwamfuta ta Alpine Linux; waɗannan sunaye ne, ba a fassara su. Guda ɗaya ce ke son gargaɗi. A tsofaffin littattafai za a ga “Alpine race”, daga rabon da wani Ba'amurke, William Ripley, ya yi wa Turawa gida uku a 1899 bisa awon ƙoƙon kai. Kimiyya ta yi watsi da wannan tuntuni, bayan masu wariyar launin fata sun yi ɓarna da irinsa. Wanda ya gamu da shi ya fassara shi a matsayin tsohon ra'ayi da aka ƙaryata.

Matsalar da ta rage ita ce kunne ba ya jin babban harafi. A rediyo “Alpine” da “alpine” sautinsu ɗaya, a kanun labarai ma sau da yawa kowace kalma da babban harafi take farawa. Dole mai fassara ya dubi sunan da ke biye, ya dubi ƙasar da ake magana a kanta. In labarin na Turai ne kuma sunan gari ne ko ƙasa ko mashigi, Alps ake nufi. In tsiro ne ko tafki ko yanayi a wata nahiya, saman tsauni ake nufi.

Akwai kuma labarin da ba na son a zubar da kalmar a cikinsa kamar yadda ake yi a na Davos. Tun da Faransa ta tsananta bincike a iyakarta da Italiya ta bakin teku, tsakanin Ventimiglia da Menton, a 2015, baƙin haure da yawa suka juya zuwa duwatsu. Cikinsu akwai matasan Afirka ta Yamma da suka bi ta Agadas, suka keta Sahara, suka tsira daga Bahar Rum. Daga ƙauyukan Italiya na kan iyaka sukan kama hanya da dare zuwa garin Briançon na Faransa, ta mashigin Montgenèvre mai wajen mita 1,850 ko na Échelle mai mita 1,762, suna kauce wa titi don gudun 'yan sanda. Wasu da takalmin kambas da rigar da suka sauka da ita daga jirgin ruwa, dusa na kai musu gwiwa, ba su taɓa ganinta ba sai ran nan. 'Yan sa-kai na yankin sukan fita sintiri da dare da shayi da barguna suna neman su. An yanke wa wasu yatsu saboda sanyi ya kashe su, an kuma tsinci gawarwaki bayan ƙanƙara ta narke a 2018. Rahoton Turanci zai ce sun bi “an Alpine pass in winter”, Bature ya ji ya san me ke nan. Mai sauraro a Damagaram ko Kano, wanda wataƙila ƙanensa na kan wannan hanya, in aka ce masa “sun tsallaka iyaka ta kan dutse”, Dala zai hango ko Kufena. Abin da ya kamata ya ji shi ne: sun bi ta wani mashigi a tsaunukan Alps, kusan mita 2,000 sama da teku, a tsakiyar hunturu, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya, sanyin dare kuma yana iya kashe mutum kafin asuba.